Hancin Baba Mai Aski

Ranar Litinin ce Baba Mai Aski ya kira ni ina wucewa ta ƙofar shagonsa. Yana zaune a kan benci a waje, suna buga ludo da Tela maƙwabcinsa, ya ɗaga hannu ko dubana bai yi ba.

"Kai Mazari, zo nan. An ce kai ka zana zakaran da ke jikin katangar asibiti?"

"Ni ne, Baba. Amma wallahi da alli na yi, ruwan sama ɗaya zai wanke shi."

"Ba ƙararka aka kawo ba. Ɗaga kai ka dubi allon can."

Na ɗaga kai. Allon shagon ya tsufa, fentin duk ya ɓare, kawuna ukun da aka zana a jiki sun koma kamar dankalin da ya daɗe a rana. Baba ya ce sabo yake so, kuma ya gaji da kawunan mutanen da bai sani ba. Fuskarsa yake so a sa, shi da kansa, riƙe da almakashi, tunda shekara talatin ke nan yana aski a layin. Ya ce ranar Asabar yake son ganin abinsa.

Na ce, "To Baba, a ba ni hoto."

Tela ya kwashe da dariya har sanƙonsa na ƙyalli. "Hoto? Wannan ko ranar da aka zo ɗaukar na katin shaida sai da aka riƙe shi."

"Kyamara ba ta ƙaunata," in ji Baba. "Duk hoton da aka ɗauke ni sai in fito kamar wanda ya sha mari. Kai dai ga ni nan kullum. Ka kalla, ka zana."

Ban san lokacin da na iso gida ba. Falankin da ya ba ni yana kaina, ina gudu ina bugun ƙofofin mutane da gefensa, ina ba su haƙuri ba tare da na tsaya ba.

Mazari suna ne da Inna ta laƙaba mini tun ina rarrafe, don ko barci nake yi ƙafata ba ta daina rawa. Makaranta a aji biyu na sakandare na bar ta. Ba korata aka yi ba, an tashi hutun cin abinci ne na fita ban koma ba. Daga nan na yi wankin mota kwana tara. Na yi gidan burodi sati uku. Na yi yaron bas kwana biyu, a na biyun direba ya tafi ya bar ni a tasha ina tsaye ina kallon dawisun da aka zana a bayan wata babbar mota. Abu ɗaya ne a duniya yake iya zaunar da ni wuri guda, shi ne zane. In na riƙe fensir sai in manta ina da ƙafafu.

Akwai ɗan ɗakin ajiya a bayan kicin ɗinmu, nan nake tara ragowar fentin da nake roƙa a wuraren gini, da burusai huɗu, ɗaya ma da gashin tsohon burushin takalmi na haɗa shi. Yayana mai faci ne, shagonsa na bakin babban titi, kuma ya daɗe yana son ɗakin ya zuba tayoyi. Da na ba su labari muna cin abincin rana, Inna ta yi ta sa albarka, shi kuwa Yaya ya ci gaba da taunarsa.

Sai da ya gama ya ce, "Ka ga, Mazari, ni na gaji da zuwa ba mutane haƙuri a kanka. Ga magana ɗaya. In Baba ya karɓi allon nan ya buga masa ƙusa a shagonsa, ɗakin naka ne, kuma ba zan sake ce maka ka nemi sana'a ba. In bai karɓa ba, Litinin mai zuwa ƙarfe bakwai kana gabana kana cire taya, gwangwanayen nan kuma a bola. Inna, ke ce shaida."

"Na yarda," na ce, tun Inna ba ta buɗe baki ba.

Kwana biyu na yi ina zama a bakin ƙofar Tela da littafi da fensir, ina kallon Baba duk lokacin da ya fito buga ludo. A nan na gane ashe ban taɓa kallon mutumin nan ba. Hancinsa ya kwanta gefe guda, wai ƙwallo ce ta buge shi lokacin yana tsaron gida a ƙuruciya. Girarsa ta hagu tana da 'yar tsaga, kuma ta fi ta dama hawa sama. In zai yi murmushi gefen bakinsa ɗaya ne ke tashi, ɗayan ya tsaya yana jiran ya ga ko abin ya kai a yi masa dariya. Na zana shi yana jefa ɗan ludo, na zana shi yana zagin Tela, na zana shi yana hamma.

Na goge falankin da samfefa har ya yi santsi, na shafa farin fenti sau biyu, na ja layuka da alli na raba shi gida-gida don kada kai ya fi ƙarfin kafaɗa. Launin fata ne ya fi ba ni wahala. Ja da ruwan ɗorawa da ɗan baƙi sun ba ni launin tukunyar ƙasa. Sai da na ɗiga shuɗi kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa, sannan ya zama fatar mutum. Na yi ihu ni kaɗai a ɗakin har kajin maƙwabta suka watse.

Amma da na zo kan hanci sai tsoro ya kama ni. Na ce a raina mutum ya ba ka aiki, ka saka masa da karkataccen hanci? Sai na miƙar da shi sambal. Na daidaita girar, na ɗaga bakin gefe biyu daidai wa daida. Ranar Laraba da yamma na kira Inna.

Ta tsaya ta karkata kai. "Wannan kuma wane ɗan gayu ne?"

"Haba Inna, Baba Mai Aski ne!"

"Wane Baban? Kyau dai kam yana da kyau. Amma ko karo muka yi a kasuwa ba zan gaishe shi ba. Ka ga gunkin nan da ake sa wa riga a shagon kaya? To ƙaninsa ne."

Ta fita ta bar ni. Na zauna a kan gwangwani ina kallon ɗan gayun, shi ma yana kallona da idon da babu kowa a ciki. Na ɗauki tsumma na jiƙa da kananzir na share masa fuska.

Na sake daga farko. Na kwantar da hancin inda Allah ya kwantar da shi, na tsaga girar, na bar gefen baki ɗaya yana jira. Na sa 'yar furfurar da ke gefen kunnensa, da jijiyar da ke tashi a bayan hannunsa in ya riƙe almakashi. A ƙasa na rubuta Mai Aski. Ranar Juma'a da la'asar Inna ta turo ƙofa da tsintsiya a hannu, ta ce, "A'a, sannu da zu…" sai ta dafe ƙirji.

"Kai, ɗan nan! Wallahi na ɗauka mutumin ne ya shigo mana gida!"

Na ɗaga ta sama na juya da ita, tana dukana da tsintsiya tana cewa in sauke ta kafin in karya mata ƙugu.

Asabar da hantsi muka fita. Fentin bai gama bushewa ba, don haka ban rufe allon ba, na riƙe shi ta gefe-gefe fuskar na kallon titi. Yaya na biye da ni da tsani a kafaɗa da guduma a aljihu. Ya ce ba taimakona ya zo yi ba, ya zo ne ya gani da idonsa kada in dawo in shirga masa ƙarya. Tun daga kwanar farko aka fara. Mai kayan miya ta ce, "Mai Aski, ina za a kai ka?" Wani mai babur ya rage gudu ya sara wa allon. Yara suka biyo mu suna kiran sunan Baba. Ni kuwa ji nake kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa, ina dariya ina amsa gaisuwa a madadinsa.

Kafin mu isa shagon mun tara mutum ya fi ashirin. Na jingina allon da bango a waje, na ja da baya. Tela ya fito da zare a baki, ya kalla, ya zauna a ƙasa don dariya.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Ku dubi bakin, haka yake yi in zai cuce ni a ludo!"

Baba ya fito yana goge hannu da tawul, da murmushinsa. Ya tsaya gaban allon. Ina kallon murmushin ya sauka a hankali har ya ɓace. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya karkata kai.

"Mazari."

"Na'am, Baba."

"Me na yi maka?"

Ya nuna allon da tawul ɗin hannunsa.

"Na ce me na yi maka a duniya? Wannan mummunan abin ne ni? Dubi hanci kamar an taka shi da mota! Dubi baki, kamar mai ciwon shanyewar jiki! Ido ɗaya a sama ɗaya a ƙasa!"

"Baba, ai haka… ai yadda na gani na zana."

"Yadda ka gani! Ni da nake tsaye gaban madubi daga safe har yamma shekara talatin, kai ne za ka gaya mini kamannina? Na san hancina ya ɗan kauce, ɗan kaɗan, wanda sai an lura. Ba wannan lauje ba!"

"Tsoho, ka ji tsoron Allah," in ji Tela. "Yaron nan ma ya rage maka. In da ni ne da na ƙara masa taku biyu."

"Kai rufe mana baki, mai kai kamar ƙwan fitila."

Ana cikin haka sai ga matar Baba, wadda duk layin ke ce wa Mama, ta kawo masa abinci a kula. Aka buɗe mata hanya. Ta ajiye kular ta tafa hannu.

"Kai, tubarkalla! Wa ya yi wannan? Maigida, ka ga yadda ka yi kyau kuwa? Har ya tuna mini ranar da ka fara tare ni a bakin famfo."

"Ke ma da ke aka haɗa baki?"

"Wane irin haɗa baki? Shekara ashirin da takwas ina tashi in ga hancin nan. Ko a duhu na san inda ya nufa."

Mutane suka sake fashewa. Nan ne abin ya lalace gaba ɗaya. Baba ya ga kamar taruwa aka yi a yi masa dariya a ƙofar shagonsa. Ya kori yara, ya ce wa manya wanda ba aski ya kawo shi ba ya kama gabansa. Ya ɗauki allon da kansa ya shige da shi ciki don a daina kallo, ya so ya kifa shi a bango, na ce fentin ɗanye ne, sai ya ɗora shi a kan bencin jira ya jingina.

"Anjima ka ɗauke shi," ya ce. "Ka shafe da fari, ka rubuta mini aski kawai da manyan baƙaƙe. Ko ka bari ma, zan sa wani."

Na dubi Yaya. Yana tsaye a bakin ƙofa da tsaninsa. Na ɗauka zai yi dariya, amma bai yi ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya sosa ƙeya.

"Magana magana ce," ya ce a hankali. "Litinin, ƙarfe bakwai."

Na sunkuyar da kai. Ƙafata sai bugun ƙasa take ita kaɗai. Baba ya dube ni, ina jin ya ga idona ya kawo ruwa, sai muryarsa ta sauko.

"To, ya isa. Ba dukanka na yi ba. Dubi kanka kamar sheƙar tsuntsu, yaushe rabonka da aski? Zauna in rage maka, kada ka je wurin yayanka da wannan dajin."

Rabona da kujerar mai aski har na manta, don ba na iya zaman minti goma a ɗaure. Yaya ne ke danne ni a tsakar gida ya kwashe da reza in abin ya yi yawa. Amma ranar ba ni da ƙarfin musu. Na zauna. Baba ya yafa mini ƙyalle ya ɗaure a wuya, ya kunna injin aski, ya fara daga gefen dama.

Shagon ɗan siriri ne. Ƙofarsa mai faɗi ce, a buɗe take ga titi. Babban madubi ya cinye bango ɗaya, bencin jira kuma yana jikin bangon da ke fuskantarsa. Na ƙura wa madubin ido don kada in yi kuka, sai idona ya sauka a kan fuskar Baba yana tsaye a bayana.

Gabana ya faɗi. Wannan ba mutumin da na yi kwana biyu ina zanawa ba ne. Hancin ya tafi ɗaya gefen. Tsagar girar ta yi ƙaura. Fuskar duk ta murɗe, kamar wani ya ɗauki Baba ya matse shi kamar wanki. A raina na ce, kai, mutumin nan da ke cikin madubi ai mummuna ne.

Ban gama tunanin ba sai na ji injin ya tsaya. Baba ya daina kallon kaina. Idonsa na cikin madubi, a can bayan kafaɗarsa, inda allon ke jingine a kan benci.

"Wa ya taɓa allon nan?"

"Ba wanda ya taɓa," in ji Mama, tana zaune a gefen bencin tana buɗe kula.

"An taɓa shi. An gyara hancin."

Ya juya da sauri ya dubi allon. Fuskarsa ta yamutse. "A'a, ga shi nan yadda yake, mummuna." Ya juyo ga madubi. Ya ƙura ido. Ya sake juyawa. Ya sake juyowa. Sau uku yana yi, injin na hannunsa, wayar na naɗe masa ƙafa.

"Ikon Allah," ya ce. "A nan ni ne. Wallahi a nan ni ne sak, har ma da ɗan kyau. A can kuma wani ƙato ne da ban sani ba."

Na yi tsalle daga kujera, ƙyallen na wuyana, rabin kaina a aske.

"Baba! Baba, madubi ne! Madubi juya mutum yake yi! Ɗaga hannun dama ka gani, ka ga na ciki ta wancan gefen ya ɗaga? Dubi rubutun allon, a ciki ya koma baibai! Kai shekara talatin wancan na cikin kake gani, mu kuma wannan na waje muke gani. Ba mutum ɗaya muka sani ba! Shi ya sa kowane hoto kake cewa ka sha mari. Idonka ya saba hancin ya tafi nan, in ya ga ya tafi can sai ya ga kamar ya ninka karkacewa!"

"Yi a hankali, za ka haɗiye harshenka."

"Ni ma yanzu da na gan ka a ciki sai da gabana ya faɗi, Baba, wallahi ka yi mu…" Na kama bakina.

"Na yi me?"

"Ka canza."

Na fita da gudu na jawo Tela ta hannun riga. Tela ba shi da gashi ko ɗaya, bai taɓa zama a kujerar nan ba, shi abokinsa a waje ya san shi. Na tsayar da shi a gefen Baba na ce ya dubi madubi.

Tela ya duba, ya ja baya. "Subhanallahi! Tsoho, me ya sami fuskarka? Wannan kake kallo kullum ka kuma iya cin abinci?"

"Wannan ai shi ne mai kyan!"

"Wannan? Wannan ko bashin allura ya zo nema ba zan buɗe masa ƙofa ba."

Mama ta taso ta leƙa ta bayan kafaɗarsa. Ta yi tsaki ta kau da kai. "Ni ban san wannan ba. Ku mayar mini da nawa."

Yaya ma ya ajiye tsani ya shigo. Ya dubi madubi, ya dubi allo, ya dubi kansa a madubin ya shafa haɓa, kamar shi ma ya fara zargin wani abu. Muka tsaya mu biyar a ɗan shagon nan muna juye-juye kamar masu koyon rawa, kowa na nuna wani gefe yana rantsuwa.

Baba ya zauna a kujerar askin, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya yi dariya har da hawaye.

"To shi ya sa!" ya ce. "Duk wanda na aske sai in ga ya yi kyau a nan, in muka haɗu a hanya sai in ce me ya sami bawan Allah nan, ko rashin lafiya ya yi? Ashe duk layin nan a juye na san ku!"

Ni dai na ga ƙofa ta buɗe. Na ce, "To Baba, a kafa?"

Ya share ido. "A'a. Ka koma ka sake shi a juye, irin na madubi. Wancan nake so."

Na yi lissafi a raina. Sakewa a juye, da jiran fenti ya bushe, sati guda ne, Litinin kuwa jibi ce. Na dubi Yaya, ya ɗaga kafaɗa, wato shi dai ƙusa ya sani.

"Ba za a sake ba," in ji Mama. "A rataya baƙo a ƙofar shagon mijina? Mutane su ce an sayar da wurin?"

"Shagona ne ko naki?"

"Fuskar taka ce, amma mu ke kallonta. Kai ka taɓa ganinta?"

"Ni dai ba zan zo kowace safiya in buɗe shago wancan ƙaton yana harara ta daga sama ba."

Suka kaure. Tela na zuga kowane ɓangare. Ni kuwa na kasa tsayuwa, na fita titi, na dawo, na sake fita. A fita ta uku na tsaya a tsakiyar hanya na juyo, sai na ga allon ta cikin faffaɗar ƙofar, yana zaune a kan benci, hasken rana na dukansa, Baba na yi wa titi murmushinsa na gefe ɗaya. Wata mata da ke wucewa da yaro a hannu ta leƙa ta ce, "Lah, ga mai askinku can." Na koma ciki da gudu har na yi tuntuɓe da tsani.

"Kada a kai shi sama! A bar shi a nan! A ɗaga shi kawai a buga a bangon nan, saman benci. Duk wanda ya taho ta titi zai gan shi yadda ya san ka. Mama in ta shigo ta ga nata. Kai kuma, Baba, aikinka gaban madubi ne, bayanka kake ba shi, in ka ɗaga ido naka za ka gani. A saman ƙofa sai in rubuta maka aski da manyan baƙaƙe, yau ɗin nan kafin la'asar!"

Baba ya dubi madubi ya daɗe. Sannan ya tashi, ya juya, ya tsaya gaban allon kansa, ido da ido. Wannan karon bai yamutsa fuska ba. Ya kai yatsa kusa da hancin, bai taɓa ba, sannan ya shafa nasa.

"Haka kike ganina?" ya tambayi Mama, murya ƙasa-ƙasa.

"Haka."

"Tun farko?"

"Tun bakin famfo."

"Kuma kika zauna."

"Abincinka na hucewa," in ji ta.

Baba ya juyo ga Yaya. "Mai Faci, gudumar nan ta ado ce?"

Yaya ya zaro ta daga aljihu. "Ni fa a saman ƙofa na ɗauka za a kafa."

"A shagonsa ka ce!" na yi ihu. "Ka ce in ya buga masa ƙusa a shagonsa! Inna ce shaida, in je in kira ta?"

"Kai dalla riƙe mini nan, kada ka cika mini kunne."

Ya hau benci da ƙusoshi a baki, ni da Tela muka ɗaga allon. Baba ya ƙi juyowa, ya tsaya gaban madubi yana ba da umarni daga can. Ya ce a yi dama, muka yi dama, ya ce ba wannan damar ba. Ya ce a ɗaga hagu, Tela ya ɗaga nasa gefen, ni na ɗaga nawa, allon ya kusa faɗo wa Mama a ka. Sai da ta karɓi aikin ta ce kowa ya yi shiru sannan ya daidaita. Yaya ya buga ƙusa huɗu, kowane bugu ina jin sa a ƙirjina, ya sauko ya girgiza allon ya ga bai motsa ba.

Ya mayar da guduma aljihu, ya ɗauki tsaninsa. A bakin ƙofa ya tsaya bai juyo ba.

"Ɗakin nan ka riƙa buɗe taga in kana aiki, warin fenti na shiga kicin," ya ce. "Kuma allon shagona ma ya mutu. Amma taya za ka zana mini. Taya kawai, ka ji ko? Kada in ga fuskar kowa."

Na buɗe baki in yi godiya, Baba ya kamo ni ta ƙyallen wuya ya mayar da ni kujera.

"Zauna, rabin kai. In ka fita haka a ce ni na yi, gobe ba mai shigowa ko da allo goma."